Aikin WhatsApp a Shagonmu na Farm Centre

Ina da ƙaramin shagon gyaran waya a kasuwar Farm Centre da ke Kano, ni da yara uku masu koyon aiki. Canjin sikirin da bakin caji su ne ke kawo kuɗin cefane, amma abin da ya fi yawan kawo mana mutane shi ne WhatsApp da ya tsaya. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ta nan yake aika hotunan atamfa da shadda zuwa Maraɗi da Agadas. Dillalin hatsi a Dawanau ta nan yake jin farashi da saƙon murya tun kafin ya fito daga gida. Matar da ke sayar da turaren wuta a cikin ɗakinta ba ta da wani shago sai shi. Wasu ma lissafin bashinsu kaf yana cikin hirar. Saboda haka idan mutum ya miƙo min waya ya ce ta ƙi, na san abincinsa ne ya tsaya.

Abin da na fara koya wa yarana shi ne kada hannu ya riga tambaya. Kafin ka taɓa wayar mutum, duba taka. Ranar 4 ga Oktoba 2021, daga bayan la'asar har dare ya yi nisa, WhatsApp da Facebook da Instagram suka ɗauke a duniya baki ɗaya na kusan awa shida, saboda kuskuren da aka yi wajen saita na'urorin kamfanin. Haka ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, sabis ya yi rauni a Najeriya da maƙwabtanta. A irin waɗannan ranaku babu abin da mai gyara zai iya. Abin da ya ba ni takaici shi ne mutanen da suka zo washegari sun riga sun goge manhajar da hannunsu, suna zaton sake saukewa zai gyara, hirar shekaru ta tafi a banza alhali wayarsu lafiyarta ƙalau.

Idan tawa na aiki, sai in ce, "Alhaji, aika saƙo mu gani." Alamar da ke gefen saƙon tana faɗa maka inda matsalar take. Ɗan agogo na nufin saƙon bai bar wayar ba. Maki ɗaya na nufin ya isa wurin kamfanin amma bai shiga wayar wanda aka aika wa ba, wato matsalar tana can wajensa, ko wayarsa a kashe ko ba shi da data. Maki biyu ya shiga. Da yawa suna zuwa da damuwa a kan maki ɗaya, sai mu ce su kira mutumin kawai.

Ɗan agogo kuwa, yawanci data ce. A danna *323# a ga abin da ya rage. Wani yana da layi biyu, ya sayi data a ɗaya, wayar kuma tana neman ta a ɗayan. Wani tun lokacin da gwamnati ta rufe Twitter, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, ya saba da kunna VPN, manhajar da ake zagaye toshewar intanet da ita, ya bar shi a kunne yana shaƙe masa hanya. Wani kuma batirinsa ya mutu murus, da wayar ta tashi sai kwanan wata ya koma baya, WhatsApp kuma ba ya yarda ya buɗe idan kwanan watan waya ba daidai yake ba. Duk waɗannan aikin minti biyar ne, kuma ba na karɓar ko sisi a kansu.

Inda muke daɗewa shi ne cikar memori. Wayoyin da talaka ke iya saya da yawa gigabait 16 ne ko 32, kusan rabi tsarin wayar ya cinye. Sai ga guruf na dangi, na unguwa, na tsofaffin ɗalibai, na masallaci, na 'yan kasuwa, kowanne ana zubo bidiyon biki da wa'azi da barka da Juma'a, wayar kuma an bar ta tana sauke komai da kanta. Kamar shago ne da aka cika da kaya har bakin ƙofa, mota ta zo babu inda za a sauke sabo. Daga nan hoto ya ƙi buɗewa, saƙon murya ya ƙi tafiya, manhajar ta riƙa fita da kanta. A cikin saitin WhatsApp akwai wurin kula da ma'aji, yana ware maka duk abin da ya wuce megabait 5 da wanda aka yi ta turawa daga hannu zuwa hannu. Nan nake zaunar da mai wayar kusa da ni mu bi su tare. Ba na goge ko hoto ɗaya sai ya ce a goge, domin abin da nake gani tarkace ne wataƙila shi ne hoton ƙarshe na mahaifiyarsa. Bayan nan sai mu kashe saukewa ta kai tsaye, ya zama sai wanda ya taɓa ne zai sauka.

A nan ne kuma haɗarin yake. A saitin wayar Android, ƙarƙashin kowace manhaja akwai maɓallai biyu dab da juna. Ɗaya yana share tarkacen wucin gadi, ba ya cutar da komai. Ɗayan yana share bayanan manhajar gaba ɗaya, ta koma kamar yau aka sauke ta, sai an sake rajista da lambar waya. Yaron da bai bambance su ba, ba na barinsa ya riƙe wayar kowa.

Masu cewa saƙo ba ya shigowa sai sun buɗe manhajar, yawanci tsarin tsimin batir ne. Tecno da Infinix da itel, waɗanda su suka fi yawa a hannun mutanenmu, suna da tsarin da ke kwantar da manhajoji idan sikirin ya mutu don caji ya daɗe. A cire WhatsApp daga cikin waɗanda ake kwantarwa, shi ke nan.

Akwai wayar da ba ta da magani, kuma gara a faɗi gaskiya. Tun 24 ga Oktoba 2023 WhatsApp ya daina aiki a Android ɗin da bai kai 5.0 ba, a 2025 kuma iPhone 5s da 6 da 6 Plus suka bi sahu. Dattijo zai zo da wayar da ya riƙe shekara da shekaru, ba ko ƙwarzane a jikinta, in ce masa, "Baba, wayarka ba ta lalace ba, su ne suka wuce ta." Yana da nauyi a baki, amma ya fi a karɓi kuɗinsa a yi masa filashin na ƙarya ya dawo jibi.

GB WhatsApp da 'yan'uwansa, wato kwaikwayon WhatsApp na asali, ba na saka wa kowa, ko nawa za a ba ni. Na san abin da ke jan matasa gare su: ɓoye cewa kana kan layi, karanta saƙon da aka goge, canza launi. Amma ba kamfanin ne ya yi su ba, ba sa cikin Play Store, babu wanda ya san abin da aka cusa a cikinsu, kuma kamfanin yana rufe lambar da ya kama tana amfani da su. Ba sa ajiye hira a Google Drive, ma'ajiyar Google ta intanet, kamar na asali, don haka ranar da aka rufe mutum sau da yawa ba a samun abin ceto. Abin da za mu iya shi ne mu sauke na asali, mu danna neman a sake duba hukuncin, mu jira. Wani a buɗe masa, wani a ƙi. Duk mai gyaran da ya ce yana da wani a ciki da zai buɗe maka idan ka biya, kuɗinka yake so.

Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne sata. Wani zai kira ka da ladabi, ya ambaci sunan guruf ɗinku, ya ce za a yi taro ta intanet, an turo maka lambobi shida, ka karanto masa don a sa sunanka. Waɗannan lambobin su ne mabuɗin WhatsApp ɗinka. Kana gama karantawa ya shige, ya fara bin 'yan'uwanka da abokan cinikinka yana roƙon kuɗi da sunanka. Idan layin yana hannunka, gyaran ba wuya: a sake rajista, sabbin lambobi su shigo ta saƙon tes, da an saka su ɓarawon ya fita. Sai dai idan ya riga ya ɗora tasa lambar sirri ta mataki na biyu, wato ƙarin lambar da WhatsApp ke tambaya wajen sake rajista, to sai an jira kwana bakwai. A wannan makon nakan ce wa mutum ya bi mutanensa da kira ɗaya bayan ɗaya, ya sa a sanar a guruf-guruf cewa kada kowa ya tura kuɗi.

Duk wannan ya dogara ne a kan layin. Bayan da hukumar sadarwa ta NCC ta sa 14 ga Satumba 2024 a matsayin wa'adin ƙarshe na haɗa layi da lambar NIN, mun ga mutane da yawa da WhatsApp ɗinsu ke tafiya a kan layin da aka rufe. Ba su lura ba sai ranar da suka canza waya, lambobi shida suka ƙi zuwa. Wani layin ma da sunan yayansa aka yi rajistarsa, yayan kuma yana Legas ko Saudiyya. Wannan ba aikin shago ba ne, sai ofishin kamfanin layin, da katin shaida a hannu.

Mutane suna zaton hirarsu tana ajiye a wani wuri a Amurka, in an roƙa za a dawo da ita. Ba haka ba ne. Tun 2016 saƙonnin WhatsApp a kulle suke tafiya, mai aikawa da mai karɓa kaɗai ke iya buɗewa, kuma da saƙo ya isa wurin mai karɓa, kamfanin ba ya riƙe shi. Abin da ke cetonka shi ne ajiyar da wayarka ke turawa Google Drive, ko iCloud ga masu iPhone. Daga 2024 wannan ajiyar tana cin wuri a cikin gigabait 15 da Google ke bayarwa kyauta, in ya cika sai ta tsaya shiru ba ka sani ba. Ga kuma matsalar da ta fi kowacce yawa a Kano: adireshin Gmail ɗin wani yaro ne ya buɗe masa ranar da ya sayi wayar, bai san sunan ba balle kalmar sirrin. Shi ya sa kafin mu sauke ko mu goge komai, sai na buɗe na ga ranar da aka yi ajiyar ƙarshe da idona. Kafin mutum ya tashi kuma mukan kunna masa lambar sirri ta mataki na biyu, shi zai danna abarsa ni na kau da kai, sannan ya rubuta adireshin a takarda ya kai gida.

Wayar mutum sirrinsa ce, don haka aikin WhatsApp a gaban mai shi muke yi, kuma yarona da na kama yana leƙa hirar wani ya bar shagon. Akan zo min da wata buƙata kuma: magidanci ya kawo wayar matarsa, ko saurayi ta budurwarsa, a haɗa masa WhatsApp ɗinta da wayarsa ta hanyar haɗa na'urori ba tare da saninta ba. Nakan ba shi haƙuri in ce ba ma yi. Duk wayar da ta zo hannuna ma sai na nuna wa mai ita shafin haɗa na'urorin, in akwai na'urar da bai sani ba mu cire ta.

Matan aure da yawa ba sa shigowa kasuwa, sai su aiko ƙani ko ɗa da wayar da ɗan bayani a baki, "Umma ta ce ya ƙi buɗewa." A nan ba ma yanke hukunci da ɗan aike. Nakan karɓi wata lamba ta gidan in kira, in gaishe ta, in ce, "Hajiya, memori ne ya cika, akwai bidiyo da yawa a guruf kaza, a goge ko a bari?" In ta ce a bari, sai mu kwashe su zuwa katin memori yaron ya koma da shi. In aikin na buƙatar lambar sirrinta, wayar na komawa gida ta danna da hannunta, a sake kawowa gobe.