Talata a ɗakin haƙori: leɓen da ya mutu

Yau da sassafe aka dawo da wani yaro ɗan shekara 6 da aka cire wa turmin haƙori na ƙasa jiya. Leɓensa na ƙasa ya kumbura suntum, ciki ya yi fari kamar an ƙona shi. Uwar ta shigo ranta a ɓace, wai allura ce ta lalata mata ɗa.

"Hajiya, duba nan," na ce, na nuna mata sawun haƙoransa a jikin naman. Ba allura ba ce. Yaron ya ji leɓen ba nasa ba, ya yi ta taunarsa yana wasa, babu zafin da zai tsayar da shi. Irin wannan gyambo yakan warke da kansa cikin kwana 10 zuwa 14. Tsafta yake buƙata, da abinci mai laushi marar yaji, da farasitamol daidai nauyin yaron. Farin nan ba mugunya ba ce, kada a kankare shi.

Maganin allurar kashe zafi da muka fi yi wa mutane kafin aikin haƙori shi ne lidokain mai ƙarfin kashi 2 cikin 100, haɗe da adirenalin. 'Yar kwalba ɗaya mai mililita 1.8 tana ɗauke da miligiram 36. Adirenalin ɗin yana matse jijiyoyin jini, sai maganin ya daɗe a wurin, jini kuma ya ragu. Matsalar ita ce haƙorin kansa yakan farfaɗo bayan kamar awa ɗaya, amma leɓe da harshe da kunci sai sun yi awa 3 zuwa 5 a sage. Aiki ya ƙare, mutum ya koma gida, a nan ɓarnar take faruwa.

Ƙasa ta fi sama wahala. Ƙashin muƙamuƙin sama yana da 'yan ƙofofi, magani yana ratsa shi, don haka kusa da haƙorin ake sokawa, wuri kaɗan ne ke mutuwa. Na ƙasa kuwa ƙashi ne mai tauri, dole a bi babbar jijiyar can ƙuryar baki. Da an same ta, rabin leɓe, rabin haɓa da rabin harshe duk sun tafi. Shi ya sa magana ke karkacewa, miyau na dalala mutum bai sani ba.

Abin da na maimaita wa kowa yau: kada a ci komai mai tauna sai ji ya dawo. Shayi, koko da kunu mai zafi su jira, domin baki zai ƙone ba a ji ba. Ruwa dai a sha a hankali. Wanda aka cire wa haƙori ya danne audugar minti 30, kada ya kuskure baki sai bayan awa 24, sannan ya fara da ruwan ɗumi mai rabin ƙaramin cokali na gishiri. Maganin ciwo a sha tun leɓen bai gama farfaɗowa ba. Yaro kuwa a sa masa ido, gargaɗi da baki ba ya isarsa.

Wajen azahar wani dattijo ya zo da kumburi da mugunya, allura biyu ba ta kama ba. Naman da ya ruɓe yana da tsami, lidokain ba ya ratsa jijiya sosai a cikinsa. Ƙara allura a wuri ɗaya ɓata magani ne. Daga nesa aka kashe jijiyar, aka buɗe wurin mugunyar ta fita.

Da la'asar wata matashiya ta firgita mu kaɗan: bayan allurar ƙasa, fatar idonta ta ɓangaren ta ƙi rufuwa, baki ya karkace. Mijinta har ya fara salati, yana zaton shanyewar ɓarin jiki ce. Allurar ce ta ɗan zarce, maganin ya taɓa jijiyar da ke motsa fuska. Hannu da ƙafa lafiya lau, mun duba. Muka rufe idon da auduga da filasta don kada ya bushe, muka ce da maganin ya sake ta zai koma daidai, cikin 'yan awanni.

Na dai ja kunnensu: idan gobe warhaka leɓe ko harshe na nan a mace, ko baki ya ƙi buɗuwa, su dawo, kada su tsaya gasa wurin da ruwan zafi.