Maɓallin "kar a bibiye ni" roƙo ne, ba kwaɗo ba ne

Da yawa daga 'yan'uwa mazauna Makka da Jidda suna kunna Do Not Track a burauza, su ɗauka sun rufe ƙofa. Aikinsa kawai ya maƙala layi ɗaya, DNT: 1, a jikin duk saƙon da wayarka ta aika wa shafi. Mai shafi in ya ga dama ya bi, in bai ga dama ba ya share.

Firefox ce ta fara sa shi a 2011. Daftarin ƙa'idar da wani kwamiti na W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, ke rubutawa ya ce mutum da kansa zai zaɓa. A 2012 sai Microsoft ta fito da Internet Explorer 10 da shi a kunne tun daga farko. Masu talla suka samu abin fakewa, suka ce ai ba zaɓin mai kwamfuta ba ne. Roy Fielding, ɗaya daga marubutan ƙa'idar HTTP da burauza ke magana da shafuka da ita, har ya shigar da gyara a Apache, manhajar da ke ɗauke da shafuka da yawa, don ta yi watsi da alamar in daga wannan burauza ta fito. A ganina Microsoft ta yi gaggawa, amma su ma masu tallar dama ba su da niyyar bi. A 2019 aka rufe kwamitin, Apple kuma ta cire maɓallin daga Safari 12.1 saboda shi kansa ya zama alamar gane mutum. Firefox ta bi sahu a 2025.

Abin da ke karewa da gaske shi ne wanda ba ya neman izinin kowa, kuma nan ake samun karo da yadda aka gina shafuka. Kar ka toshe duk kukis (ƙananan bayanan da shafi ke ajiyewa a burauzarka): da su shafi ke tuna ka shiga, ba su kuwa ko ka shiga Absher, shafin hidimomin gwamnatin Saudiyya, sai ya sake tambayarka. Na ɓangare na uku kaɗai za ka toshe, wato na wasu shafuka daban da aka cusa cikin wanda kake dubawa. Safari na yin haka tun 2020. Firefox tun 2022 tana keɓe wa kowane shafi nasa rumbun kukis. A Chrome sai ka shiga saiti da hannunka.

In biyan kuɗi da katin mada (katin bankunan Saudiyya) ya tsaya cak a wurin shigar da lambar banki, sau da yawa shafin bankin ne aka buɗe a cikin na shagon. A Firefox danna hoton garkuwar da ke gefen adireshi, kashe kariyar ga wannan shago kaɗai, sake lodawa.

Wanda ya fi ruɗa mutane shi ne privacy.resistFingerprinting, saitin hana gane burauzarka da ke shafin saitunan Firefox na about:config. Yana sa burauza ta ce agogonka na UTC ne, alhali Saudiyya tana gaba da awa 3. Shafin da ya dogara da agogon burauza sai ya nuna maka azahar wajen ƙarfe 9 na safe, lokacin alƙawarin umara ma ya goce. In dole sai ka kunna shi, buɗe masa furofayil daban ta about:profiles, ka bar na banki da na gwamnati a Standard, wato kariyar da Firefox ke zuwa da ita.