Littattafan Segu da na taɓa da hannuna a Paris

Sati biyu kenan da komowata Yamai amma wallahi har yanzu in na kwanta takardun nan nike gani. Wata guda na yi a Paris saboda aikin binciken da nike yi kan rubuce-rubucen malaman Sakkwato, kuma kusan kullum ina babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa, wanda suke ce ma BnF.

Gida biyu ne manya. Akwai sabon, mai sunan François Mitterrand, bakin kogin Seine, dogayen benaye huɗu kowane kamar littafi a buɗe, an buɗe shi a 1996, can ne suke ajiye littattafan ɗab'i masu wuyar samu. Ni dai nawa aikin tsohon gidan ne na titin Richelieu, inda rubutun hannu yake.

Shiga ba haka nan ba ce. Sai ka nuna takardar jami'a, a tambaye ka mi kake nema, kana a yi maka kati. Jaka da rigar sanyi duk a bar su waje, bik ba ya shiga, sai fensir. Kuma ko ka cika takardar neman littafi, in akwai hotonshi sai su ce ka fara duba hoton tukuna, da yawa ma suna kan Gallica, shafin BnF na intanet, kyauta, ko daga Tawa kana iya buɗewa in rezo ya yarda. Sai da na yi bayani cewa takardar kanta nike son gani, ba rubutun kaɗai ba, sannan anka kawo min na asali, anka aza bisa wani ɗan matashi mai laushi, da wata igiya mai nauyi ta danne shafi don kar ka riƙa dannawa da yatsa.

To ga abin da ya tsaya min a rai. Littattafan nan na gidan Shehu Umaru Tal ne, wanda mu muka fi sani da Umarul Futi, ya zauna Sakkwato shekaru har ya auri ɗiyar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ahmadu ɗan Shehu Umaru ne ke sarautar Segu, cikin ƙasar Mali ta yau, lokacin da sojan Faransa ƙarƙashin Archinard sunka shiga garin a 1890, sunka kwashe littattafan, a 1892 anka kai su Paris. Ahmadu kuwa gudun hijira ya yi gabas har ya ƙare rayuwarshi ƙasar Sakkwato. Ganimar yaƙi ce, ba kyauta ba ce ba kuma saye ba, kuma ina zaune cikin ɗakin nan mai sanyi shiru kamar ba mutane, ina juya shafi a hankali ina tuna haka, zuciyata ta ƙi kwanciya.

Namu littattafan ai ba a ɗinke su, warwatse suke cikin tadarishi a sa cikin gafaka, shi ya sa marubuci ke aje kalmar farko ta shafi na gaba can gindin shafi don kar tsari ya ɓace. Su can sun ɗinke su cikin bango irin na Turawa, sai ka samu littafi guda ciki akwai fiƙihu, akwai waƙa, akwai wasiƙa, hannu daban-daban. Na ɗaga ganye guda wajen haske sai ga tambarin jinjirin wata uku cikin jikin takardar, irin wadda ake yowa Italiya fatake su biyo da ita ta hamada. Tawada baƙa, wani wuri ja. Nan fa hawaye sunka cika min ido, don wannan takardar da wannan hannun na san su tun ina ɗan ƙarami, cikin adakar kakanmu a Tawa, wadda rabona da in ga an buɗe ta tun rasuwarshi.

Ba zan ɓoye ba, sun kula da su. Ba gara, ba ƙura, ba ɗigon ruwan damina. Wannan gaskiya ce kuma ba ta goge waccan ba.

Da dare na kira kawuna, bayan mun gaisa na ce Kawu, adakar Malam fa, tana nan? Ya yi shiru kaɗan ya ce tana nan ɗana, ɗakin baya, amma bara rufin ya yi yoyo, ban dai buɗe ba. Na ce don Allah Kawu a ɗaga ta daga ƙasa a aza bisa bulo, kar kowa ya taɓa cikin har in zo. Ya ce to, Allah shi kawo ka lahiya.

Nan Yamai muna da sashen rubutun Larabci da ajami a IRSH, cibiyar bincike ta jami'ar Abdou Moumouni, wanda tushenshi littattafan da marigayi Boubou Hama ya tara ne, dubbai ne a wurin. Jiya na je na tambaya yadda ake share tsohuwar takarda ba tare da ta karye ba. Kai littattafan Malam can ko barin su gida, wannan maganar ta Kawu ce da 'yan uwanshi, ni dai hoton kowane shafi nike so in ɗauka tukuna. Na yanki tike na jumma'a da asuba, na sayi buroshi mai laushi da kwalaye biyu.