Godiya ga duk wanda ya yi mana barka da arziki

Assalamu alaikum. Kwana biyar ke nan da faruwar abin, sai yau jikina ya daina rawa har na iya zama in yi rubutu.

Ranar Talata da safe na hau jirgi daga Kano zan tafi Legas. Tayoyinsa na barin ƙasa sai muka ji wata ƙara daga ɓangaren dama, jirgin ya girgiza ya ɗan karkata, ƙauri ya cika ciki. Salati ya kaure. Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta damƙe min hannu tana Innalillahi, har yanzu shatin farcenta na nan a wuyan hannuna.

Ni 'yar Gwammaja ce. Da na leƙa taga na hango rufin kwanon gidaje kusa-kusa, ba abin da ya faɗo min sai Asabar ɗin nan, 4 ga Mayu 2002, da jirgi ya zarce ƙarshen titin tashi, injinansa suka shaƙi ƙura suka mutu, ya rikito cikin unguwarmu da rana tsaka. Sama da mutum 100 suka rasu, har da Ministan Wasanni Ishaya Mark Aku, da mutanen da ke zaune cikin gidajensu. Ina yarinya lokacin, amma hayaƙin bai taɓa fita raina ba. Na ce yau kuma mu ne.

Allah ya sa da sauran shan ruwanmu. Bayan Shi, godiyata ga matuƙin nan da mataimakinsa. Ƙanena da ya yi karatu a kwalejin jiragen sama ta Zariya ya ce min akwai gudun da in jirgi ya kai, ba halin tsayawa, dole ya tashi ko da inji ɗaya ya mutu, kuma an ƙera shi ya iya hawa da ɗayan, matuƙar wanda ke riƙe da shi bai ruɗe ba. Bawan Allahn nan bai ruɗe ba. Ya yi mana magana a natse, ya kewayo ya sauke mu lafiya. Allah ya saka masa da alheri, ya raya masa zuri'a.

Na gode wa ma'aikaciyar da ta riƙa kwantar mana da hankali alhali leɓenta na rawa, da 'yan kwana-kwana da muka tarar suna jiranmu a gefen titi.

'Yan uwa, maƙwabta da ƙawaye da suka cika gidan Hajiyarmu, da waɗanda suka kira daga Maraɗi da Kaduna, Allah ya bar zumunci. Wanda ban ɗaga wayarsa ba ya yi min afuwa.

Ranar Juma'a bayan la'asar za a yi saukar Alƙur'ani a gida. A taya mu addu'a, a kuma sa mamatan Gwammaja a ciki.