Tsohon ciwo da lissafin diyyar hatsarin mota

Aikin lauya a Zariya ya nuna mini cewa wanda mota ta kaɗe ba kasafai yake shigowa ofis da ciwo ɗaya ba. Da wuya ka samu birkila ɗan shekara hamsin da bayansa ke lafiya ƙalau, ko ɗan acaɓa da bai taɓa zama gaban mai ɗori ba. Kusan dukkansu kuma roƙonsu na farko ɗaya ne: "Barista, wancan ai ya wuce, kar a tayar da shi." Gani suke da zarar an ji labarin tsohon ciwon za a ce dama can a karye suke, a sallame su hannu rabbana.

Doka ba haka ta ce ba. Ƙa'idar da kotunanmu suka gada daga Ingila ita ce, wanda ya yi ɓarna zai ɗauki mutum yadda ya same shi. Duk wanda ya karanta shari'a a harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello ya haddace ƙarar Smith da kamfanin Leech Brain ta 1962: narkakken ƙarfe ya ƙona wani ma'aikaci a leɓe, ashe akwai cuta kwance a wurin, ƙunar ta tayar da kansa har ya rasu, kotu ta ɗora wa kamfanin alhaki. Masu karatun zaure a cikin birni ba za su yi mamaki ba, don a mazhabar Malikiyya idon mai ido ɗaya cikakkiyar diyya gare shi, alhali na mai ido biyu rabi ne. Abin da mutum ya rasa a zahiri ake dubawa.

Sai dai ƙa'idar na da iyaka, kuma a nan ake gumurzu. Direba ba zai biya abin da tsohon ciwon zai cinye ko da ba a yi hatsarin ba. A ƙarar Jobling, wani mutum ya faɗi a wurin aiki ya ji ciwon baya a 1973, samunsa ya ragu da rabi, a 1976 wata cutar laka da ba ta da alaƙa da faɗuwar ta hana shi aiki gaba ɗaya. Kotun ƙoli ta Ingila ta ce diyyar asarar samu ta tsaya daga nan. Wato tambayar da ke gaban alƙali ita ce: jiya yaya kake, yau yaya ka koma? Wanda ya ɓoye jiyansa kuwa ya zubar da rabin hujjarsa da hannunsa.

Na ga haka ƙarara a kan wani dattijon tela na Tudun Wada da mota ta buge a Kwangila ana gab da azumi. Ya daɗe da ciwon ƙugu, yana ɗan ɗingishi, amma ƙafar na taka keke daga hantsi har isha. Bayan hatsarin ko zaman awa guda ba ya iyawa. Da na tambayi tsoffin takardun asibiti sai ya ɓata rai.

"Ɗana, so kake ka ba su wuƙar yanka ni?"

Na ce, "Baba, likitansu zai ga tsohon tabon a hoton ƙashi ko mun faɗa ko ba mu faɗa ba. Gara daga bakinmu ya fito."

Uwargidansa ce ta raba gardama. Ta zo da wata baƙar leda da ta adana a ƙasan adaka, ciki har da katin asibitin Shika da hoton ƙashi na shekarun baya, gefensa duk ya yi ja. Likita ya jera tsoho da sabo a gaban fitila, ya nuna inda ƙashi ya lalace tun da, da inda ya tsage yanzu. Daga ranar lauyan ɗaya ɓangaren ya daina cewa "dama can".

Inda aka fi shan wuya shi ne tabbatar da samu. Kuɗin da mutum ya rasa kafin ranar shari'a dole a zayyana su dalla-dalla a takardar ƙara, a kuma kawo hujja mai ƙarfi. Alƙali ba ya ƙiyasta su don tausayi. Ma'aikacin jami'a a Samaru takardar albashi kawai zai miƙa. Tela fa? Da littafin awonsa muka tsira, wani tsohon littafin 'yan makaranta mai ɗauke da sunan mai kaya, faɗin kafaɗa, tsawon hannu, kuɗin ɗinki da kafin alƙalami. Muka haɗa da littafin mai adashi da saƙonnin banki na wayarsa. A nan ne ma ya fito fili cewa ɗinkin sallah kaɗai ya fi na watanni da dama, abin da matsakaicin lissafin wata-wata zai haɗiye. Wanda ya tafi wurin mai ɗori kai tsaye, ba hoto ba kati, shi ne ke ba ni ciwon kai, ko da ɗorin ya yi kyau.

Mutane da yawa ba su san cewa takardar inshorar da direba ke nuna wa jami'an hanya domin irin wannan rana aka yi ta ba. Tun Janairun 2023 kuɗinta ga motar gida ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000, abin da take biya na ɓarnar dukiya ya kai naira miliyan 3, kuma wannan iyakar ba ta shafi rauni ko rasa rai ba. Matsalar, wasu takardun na bogi ne, don haka nake fara bincikar lambar motar kafin komai.

Sannan ga sulhun gaggawa. Dangin direba su zo dubiya da lemo da ayaba, manya su sa baki, a ce ƙaddara ce, a biya kuɗin asibiti, a sa hannu an yafe tun majinyaci na kwance. Ba ni da ja da yafiya, hakkin mai ciwo ne. Abin da nake roƙo kawai a jira rahoton likita na ƙarshe, domin mai tsohon ciwo ya fi kowa jinkirin warkewa, wani lokacin sai bayan watanni ake gane ba zai koma sana'arsa ba, alhali takardar da ya sa wa hannu ta riga ta rufe ƙofar kotu.