Asabar a Mandura

Yau na huta da karatu, na bi jirgin ƙasa daga birnin Fat (Perth) zuwa Mandura, a Yammacin Ostiraliya, tafiyar kilomita 70 ko fiye kaɗan. A kudancin garin ne koguna uku, Mare da Safentin da Habi, suke zuba cikin wani makeken tafki mara zurfi, ruwan daɗi ya gauraya da na gishiri kafin ya fita teku. Ƙasar Binjarab ce, reshe ɗaya na al'ummar Nunga, 'yan asalin wannan yanki.

Wani dattijonsu ne ya zagaya da mu. Kowa Kawu yake ce masa, ni ma na bi sahu. Da muka isa gaɓa sai ya ɗebi yashi, ya murza a tafin hannu ya watsa cikin ruwa, wai don Wagil, macijiyar da suka ce ita ta haƙa wurin, ta san ƙamshin baƙon da ya zo. Ni dai na ja baya na yi kallo, bai kuma matsa mini ba.

Labarinsu ya ce an yi wani mugun fari, dattawa suka je bakin teku suka roƙi ruwa. Wagil ta fito daga teku, jan cikinta ya buɗe tafkin, 'ya'yanta suka bazu, kowanne ya bar kogi a bayansa. Ina sauraro na lura yana bin kogunan ne ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Yaron da ya haddace labarin nan ya san inda ruwa yake, ba ya neman taswira.

Abin da ya fi kama ni shi ne labarin shingen kifi na Baragaf, wanda a da yake kan kogin Safentin. A wancan zamanin, da itace da rassa ake kitsa shi, a bar ƙofa 'yar siririya. In ruwan farkon hunturu ya sauka, kifi ya juyo ƙasa, sai masu tsaye a ƙofar su yi ta cafkewa suna jefawa tudu. Dangi kan zo daga nesa, a ci, a yi musayar kaya.

"Kawu, yanzu fa?" na tambaya. Ya nuna mini wajen garin Finjara, inda gwamnan Turawan mulkin mallaka, James Stirling, da mutanensa suka karkashe 'yan Binjarab da dama a 1834. Daga baya takin gonaki ya kwararo, gansakuka ta shaƙe tafkin, har sai da aka yanka masa sabuwar mashiga zuwa teku a Dawesville a 1994.

Na dawo bayan magariba, takalmina duk laka. Gobe akwai wanki.