Kafin ka zura fulofin babanka a kwamfuta, ji yadda na ɓata nawa

Yawancinku fulofi kun san shi ne kawai a ɗan hoton nan da ake dannawa in za a yi sebin a Word, amma har yau akwai gidaje da ofisoshi da in ka jawo durowar tsoho zaka tarar da su jibge a kwali an ɗaure da roba, wasu an rubuta musu suna wasu ko alama babu. Kuma abun bai yi nisan da kuke zato ba, kamfanin Sony sai 2011 ya daina yinsu, gwamnatin Japan kuwa sai 2024 ta sanar cewa ta rabu da su a ayyukanta. To in irin wannan kwalin ya faɗo hannunka kace bari ka san me ke ciki, ko kuma kai dai tarin fulash da memori ne suka yi maka yawa ka rasa ina ka ajiye me, zauna in baka labarin ɓarnar da na yi da hannuna don kar ka maimaita.

A ƙarshen shekarun 1990 ina aiki a wata bizines senta, muna buga wa ɗalibai furojet, takardun neman kwangila, katin biki, wasiƙu da sauransu. Had-disk ɗin kwamfutar ƙarami ne, saboda haka dokar oga itace in an gama aikin mutum a kwashe shi zuwa disket, wato faifan fulofi, a goge na kan kwamfuta. Disket ɗaya 1.44 MB yake ɗauka, yau ko hoto ɗaya na wayarka ba lallai ya shiga ba, amma a lokacin furojet guda har da ƙari yana shiga. A hankali suka taru suka cika kwalaye, sai mutum ya dawo bayan wata da watanni yace yana son a sake fitar masa da babi na uku, sai kaga an shiga zura wannan a zare a zura wancan shi kuma yana tsaye a kanka yana duba agogo.

Dabarar da na fara yi mai sauƙi ce kuma har gobe ina ganin ita ce mafi kyau cikin duk abinda na yi, a DOS, tsohon tsarin kwamfuta da ake buga wa umarni da hannu, na rubuta ɗan fayil na umarni irin wanda ake kira bach, layi biyu kacal. Na farko ya rubuta lambar da na ba faifan a cikin fayil ɗin kundi mai suna KUNDI.TXT, na biyu kuma DIR A: /S >> C:\KUNDI.TXT wato ya lissafo duk abinda ke cikin faifan har da na cikin folda ya ƙara a ƙarshen kundin. Ku lura da alamar nan guda biyu, >> na nufin ƙara a kan abinda ke nan, > guda ɗaya kuma na nufin share na da ka rubuta sabo, kuma DOS baya tambayarka ko ka tabbata, yi kawai yake. Wata rana ina sauri na buga umarnin da hannu maimakon in kira bach ɗin, yatsa ya taɓa sau ɗaya, da na buɗe kundin sai na tarar da lissafin faifai ɗaya tal, duk na baya ya tafi kuma bani da kwafi ko ɗaya a ko'ina. Wallahi ban gaya wa oga ba, na dai koma farko a ɓoye. Tun daga nan na koma kowane faifai da nasa fayil, 001.TXT, 002.TXT haka haka, in ma ka yi kuskure faifai ɗaya ka ɓata.

Raba su ɗin ya magance wata matsalar da ban hango ba tun farko. In lissafin duk a fayil ɗaya yake kace umarnin bincike na FIND ya nemo maka AUDU, zai fito maka da layin da sunan yake amma lambar faifan tana can sama a wani layin daban, wato ka san fayil ɗin yana nan amma baka san a wane faifai ba, aikin banza kenan. In a rarrabe suke kuwa FIND yana buga sunan fayil ɗin da yake dubawa kafin sakamakon, sunan kuma shine lambar. Sai dai FIND na DOS baya karɓar *.TXT, wato duk fayilolin TXT a lokaci ɗaya, kai tsaye, dole ka haɗa shi da umarnin FOR ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ku yanzu umarnin bincike irin findstr ko grep sun hutar da ku wannan.

Da na tsaya nan da na huta, amma ƙuruciya, sai naga ai wannan bai nuna na iya kwamfuta ba. Akwai QBasic, wani yaren rubuta shirin kwamfuta, da yake zuwa kyauta tare da DOS tun daga na 5.0 a 1991, na duƙufa na rubuta shiri mai menu da launi shuɗi har da ƙara in ya samo abu, abokai su zo in nuna musu suna jinjina min. Shirin yana ajiye komai a KUNDI.DAT cikin tsarin da ni kaɗai na ƙirƙira, suna gurbi kaza, bayani gurbi ashirin, lambar faifai kuma ba a rubuce take yadda ido zai karanta ba, a dunƙule take cikin bait biyu, wato gurbin harafi biyu. Na goge fayilolin TXT ɗin nan don a ganina sun zama tsohon yayi. Ranar da had-disk ya mutu ina da kwafin KUNDI.DAT a disket amma shirin da ke karanta shi ya tafi tare da had-disk ɗin, na buɗe fayil ɗin a EDIT, shirin rubutu na DOS, sai ga sunaye a manne da juna, a wajen lambar faifai kuma wasu ƴan fuskoki da zukata da alamun da ba'a gane ba. Wanda ya ƙware zai iya warware shi, ni a lokacin ban iya ba, garin gyaran gira na rasa ido.

Wannan shine abinda nafi so ku riƙe a duk zancen nan. Shirin da ka rubuta ba shine dukiyar ba, lissafin ne dukiyar, saboda haka lissafin ya zama rubutu zalla wanda Notepad ko wayar kowa zata buɗe ko bayan ranka, layi ɗaya fayil ɗaya, lambar faifai a farkon kowane layi, sai suna, girma, kwanan wata, bayani, a raba da waƙafi. In kana son yin kwalliya da Python ko me kake koyo yanzu bismillah, amma shirin ya riƙa karanta wannan rubutun ne, kar ya haɗiye shi ya mayar da shi wani abun da sai shi. Kuma kar ka ajiye kundin a irin abinda kake lissafawa kaɗai, kwafi a wani wuri daban, har firintin ka yi ka sa a cikin kwalin, takarda bata buƙatar wuta.

Sai maganar lamba. Ni da farko na dogara da sunan da ake sa wa faifai daga ciki da umarnin LABEL, harafi 11 kawai yake ɗauka, kuma da an yi wa faifai fomat an sake amfani da shi sunan ya tafi amma kundi na nan yana rantsuwa cewa aikin wane yana ciki. Lambar ta zauna a jikin faifan a waje, da maka, babba, ba a kan ƴar takardar da zafi zai ɓare ba kawai har a kan robar, kuma lamba in an bayar an bayar, ko faifan ya mutu kar ka ba wani lambarsa, ka rubuta a kundi cewa ya mutu shikenan. Kar kuma ka ɓata lokacinka wajen jera su bisa darasi wai na furojet nan na wasiƙu can, faifai ɗaya zaka samu da furojet da katin suna da wasan kwamfuta duk a ciki, jera su bisa lamba kawai kundi ya yi sauran aikin.

Babbar ɓarnar kuwa ta bayiros ce, kuma aikin lissafin ne da kansa ya jawo ta. Bayiros ɗin wancan zamanin irinsu Stoned da Form da Michelangelo a sashen farko na faifai suke zama, wajen da kwamfuta ke karantawa in zata tashi, tun daga Brain da ya fito daga Lahore ta Pakistan a 1986 haka salon yake. Duba faifai mai cuta da DIR kawai baya kama kwamfuta, abinda ke kama ta shine ta tashi alhali faifan yana ciki. To ina cikin aiki aka ɗauke wuta, aka tada janareta, kwamfuta ta tashi da disket ɗin wani kwastoma a ciki ta rubuta min Non-System disk or disk error, na zare na danna kibod ta wuce lafiya lau ban kawo komai a raina ba, ashe ta riga ta kamu. Ni kuma gani na jera kwali guda ina zurawa ɗaya bayan ɗaya, kamar wanzamin da ke yi wa unguwa duka aski da aska ɗaya ba wanki, duk wanda ya shiga sai ya fito da ita. Maganin kuma ɗan abu ne da bai kai ƙwayar wake ba, a kusurwar disket mai inci 3.5 akwai ɗan makulli da ake turawa, in ramin ya buɗe kana hango haske ta ciki to ba abinda zai iya rubutu a kansa, na inci 5.25 kuma akasin haka ne, tsagar gefen ake rufewa da ɗan salatif. Kafin kowane faifai ya shiga, kulle shi, ko kwamfutar zamani ce, don Windows ma kanta tana iya taɓa faifai ba tare da ta gaya maka ba.

Lissafin sunaye kuma ba sanin abinda ke ciki bane. DOS harafi takwas yake bari sai uku bayan ɗigo, shi yasa kundi na ya cika da PROJECT.DOC da CHAP1.DOC da FINAL.DOC da FINAL2.DOC, na wa? oho. Kwanan wata ma ba abin dogaro bane, kwamfutar da batirin agogonta ya mutu sai ta riƙa buga 01-01-80 a kan komai saboda daga 1980 DOS yake fara ƙirga. Ga kuma na ZIP, lissafi zai nuna maka fayil ɗaya alhali akwai hamsin a cikinsa, sai ka sa PKUNZIP -v ya zayyano su ka haɗa a kundi, in kuma wanda aka raba a faifai da yawa ne to jerin abinda ke ciki a faifan ƙarshe yake, ka rubuta a kundi cewa wane da wane da wane tafiyarsu ɗaya kar ka raba su. Gurbin bayanin nan da na ƙuntata shi a harafi ashirin shine yafi komai amfani, jimla ɗaya da hannunka, na wane ne, na mene ne, da wane shiri aka rubuta, tafi duk wata dabarar da zaka rubuta.

In yau ne zaka fara, kar ma ka soma da lissafi, soma da ɗaukar hoton faifan gaba ɗaya, wato kwafin kowane sashe nasa zuwa fayil guda. Na 1.44 hotonsa bait 1,474,560 ne daidai, sashe 2,880 kowanne bait 512, in ka ga bai kai haka ba akwai inda bai karantu ba. A Linux umarnin dd yana yi, amma ddrescue yafi don shi yana tsallake wajen da ya lalace ya dawo masa daga baya kuma ya rubuta maka inda ya kasa. Sunan hoton ya zama lambar faifan, daga nan duk bincikenka da lissafinka a kan hoton zaka yi, faifan ya koma kwali ya huta, don tsohon faifai wani lokacin karatu ɗaya ya rage masa. Na'urar fulofi ta USB da ake samu a kasuwa tana karanta mai inci 3.5 na PC, amma ba ruwanta da na 5.25 ko na wasu tsoffin kwamfutoci masu nasu tsarin, waɗannan sai da tsohuwar na'ura da ɗan allo irin Greaseweazle. In Windows tace faifan nan yana buƙatar fomat kace a'a, kar kuma ka bar ta ta gyara shi, gyara a kan kwafi ake yi.

Kafin ka zura, ja ƙarfen bakin ka juya faifan a hankali ka duba a haske. Wanda ya sha damina a ɗaki mai laima zaka ga farin tabo na fumfuna, wanda ya sha ƙurar hunturu zaka ji yana ƙaiƙayi in yana juyawa, irin waɗannan ware su gefe sai ƙarshe, don suna ɓata kan na'urar ita kuma ta karce mai lafiyar da ya biyo baya. Kar ka ɗora kwalin a kan lasifika ko kusa da wani abu mai maganaɗisu, mu a shagon a kan rediyo muke ajiyewa, Allah dai ya kyauta.

Abinda zaka tarar a ciki kuma ba duka ne naka ba, akwai wasiƙun mutane, lissafin bashi, maganar gado, abinda ya kamata a miƙa wa masu shi a miƙa, wanda ba na yaɗawa ba kar ya hau Facebook don kawai ya baka dariya. Fayilolin tsohon shirin rubutu na WordPerfect kuwa, shirin LibreOffice yana buɗe su. In rubutun Hausa ne kuma ka buɗe kaga a wajen ƙ da ɗ da ɓ wasu alamu ne daban suka fito kar kace ya lalace, kafin Unicode, tsarin haruffa na bai ɗaya da kwamfutoci ke amfani da shi yanzu, ya yaɗu masu buga Hausa font na musamman suke sawa wanda aka cire wasu alamu aka dasa haruffa masu ƙugiya a gurbinsu, kuma ba kowa ke amfani da iri ɗaya ba. Ka duba ko font ɗin yana cikin faifan ko wani na kusa da shi ka kwafe shi tare, in babu sai ka bi rubutun ka gano wace alama ce ke tsaye a madadin wane harafi, ka musanya su a kwafi, ka rubuta wannan musayar a gurbin bayanin faifan don wanda zai buɗe na gaba.